Ƙabalu da Sadalu a Fagen Siyasa: Tijjanawan Lardin Sakkwato da 'Yan Mormon na Amurka



Wanda duk ya bi hanyar motar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Kware da ƙasar Gwadabawa ta nufi Birnin Ƙwanni, zai iske Amarawa dab da Illela, kusa da bakin iyaka. In azahar ta riske shi a nan ya tsaya, abin da zai gani shi ne abin da ake gani a kowace tasha ta ƙasar Hausa: direbobi da 'yan kamasho da fatake sun yi sahu, wannan ya ɗora hannunsa na dama bisa na hagu a ƙirji, na kusa da shi ya saki nasa, in an idar kowa ya shafa ya kama gabansa. Ba mai duban hannun wani. Amma fa kakannin waɗannan mutane sun ga zamanin da ɗora hannun nan kaɗai ya isa a san ɓangaren da mutum yake, a addini da siyasa baki ɗaya, kuma a cikin wannan lardi an rushe masallatai, an zubar da jini a kan abin da ya danganci haka. To, me ya sauya? Malamai dai ba su taɓa zama suka yanke hukunci ɗaya a kan ƙabalu da sadalu wanda kowa ya karɓa ba. Littattafan da aka rubuta na raddi suna nan ana sayar da su. Abin da nake so in nuna muku yau shi ne, haƙurin da masu rinjaye kan yi da ƙaramar ƙungiya a fagen siyasa ba ya jiran malamai su daidaita. Yakan zo ne sa'ad da masu mulki suka rasa sandar duka, ko suka bukaci ƙuri'a, ko kuwa wani abokin gaba ya ɓullo wanda ya fi na jiya ban tsoro.

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi, baƙon addini bai cika tayar wa masu mulki hankali kamar ɗan gida ba. Wannan yanki na arewacin Sakkwato shaida ne. Marafa Muhammadu Maiturare, wanda ya kafa Gwadabawa kuma daga baya ya zama Sarkin Musulmi daga 1915 zuwa 1924, ya raya ƙasar nan ne da baƙi daga Adar da Gobir da Azbin, a maƙwabtaka da Aznan Ƙwanni masu bin al'adun kakanninsu. Fiƙihu ya tanadi babi domin wanda ba Musulmi ba, an san haƙƙinsa, an san abin da ke kansa, shi ya sa Maguzawa suka zauna cikin Daular Usmaniyya suna biyan jiziya suna nomansu. Wanda ba a tanadi babinsa ba shi ne mutumin da ya ce shi ma ɗan gidan nan ne, alƙiblarku ɗaya, littafinku ɗaya, amma shehinsa daban, kuma biyayyarsa ta ruhi tana wani gari ba garinka ba.

Haka Tijjaniyya ta shigo Sakkwato, ta ƙofar fada kuwa ta shigo. Alhaji Umaru Futi ya yada zango a nan a kan hanyarsa ta dawowa daga Makka, ya zauna kamar shekara bakwai, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya girmama shi har ya aurar masa da 'yarsa. Bayan rasuwar Bello cikin 1837 sai ya kama hanyar yamma, ya bar wata magana wadda har yau ba ta kwanta ba, watau cewa Bello ya karɓi wuridin Tijjaniyya kafin ya cika. Waziri Giɗaɗo ya musanta wannan a rubuce. Ɗalibi zai iya tambaya, mene ne abin zafi a nan, tun da ɗariƙa duk ɗariƙa ce? Abin zafin shi ne sharaɗin da ke tattare da wuridin. Wanda ya shiga Tijjaniyya ba ya haɗa ta da wani wuridi, ba ya kuma ziyarar waɗansu waliyyai domin neman albarka. A Fas ko a Kaulaha wannan sharaɗi magana ce ta tarbiyyar muridi. A Sakkwato kuwa, inda Shehu Usmanu ya yi jihadi yana Baƙadire, inda Hubbare yake tsakiyar gari, inda kuma sarauta take samun hujjarta daga gadon Shehu, ma'anarsa ta wuce nan. Shi ya sa babban malami irin Modibbo Raji, almajirin Abdullahin Gwandu kuma surukinsa, ya daɗe yana ɓoye ɗariƙarsa, daga baya ya bar Gwandu a tsakiyar ƙarnin ya ƙare a Adamawa.

Duk da haka ƙarni na 19 bai ga rushe-rushe ba. Da Faransawa suka ci Segu cikin 1890 suka kori Ahmadu ɗan Alhaji Umaru, ƙasar Sakkwato ya dosa da jama'arsa, aka karɓe shi, a nan ya rasu cikin 1897, waɗansu daga cikin mutanensa kuma suna tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903. Tijjanawan wancan zamani 'yan kaɗan ne, malamai ne da baƙi, ba su yi wa kowa barazana ba.

Al'amari ya sake ne bayan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya sadu da Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a aikin hajjin 1937. Daga tsakiyar shekarun 1940 Shehu Ibrahim ya riƙa ziyartar Kano, Faila ta bazu, ɗariƙar da a da take hannun malaman zaure ta zama ta 'yan kasuwa da madinka da mahauta da matasa, masu taruwa su kewaye farin ƙyalle su yi wazifa da ƙarfi, su yi zikirin Juma'a da la'asar, su yi salla da ƙabalu. Ta ina ta shiga Lardin Sakkwato? Ta hanyar jirgi. Dogo ya iso Gusau da Ƙauran Namoda cikin 1929, ya kawo cinikin gyaɗa da auduga, ya kawo Kanawa da kuɗinsu da malamansu. Ƙasar Zamfara kuwa dama ba ta taɓa sakin jiki da hakiman da ake turo mata daga Sakkwato ba. Saboda haka talakan da ya gaji da hakimi da jangali da kotun alƙali sai ya sami wurin da zai tsaya wanda ba na hakimi ba, da limamin da ba hakimi ya naɗa ba, da shehin da ke can Senigal inda hannun En'e ba ya kai wa.

Cikin 1949 Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya ba da umurni aka rushe waɗansu masallatan Tijjanawa a wajen Gusau da Ƙauran Namoda, aka kuma sa takunkumi a kan wazifa. Shekara ɗaya bayan haka, ran 8 ga Agusta 1950, aka kafa NEPU a Kano, cikin 1951 kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, watau NPC, ta zama jam'iyyar siyasa sosai. Daga nan ruwa biyu suka haɗu. A gabashin lardin, inda NEPU ta fi samun gindin zama, sai ya zamana a idon hukumar En'e ɗan ƙabalu da ɗan Sawaba kusan abu ɗaya ne. Cikin 1956, shekarar zaɓen Majalisar Jihar Arewa, rikici ya sake tashi a ƙasar Zamfara har aka yi asarar rayuka. Cikin 1965 kuma aka yi wanda ya fi muni a ƙasar Argungu, inda 'yan sanda 11 suka halaka. Ku tuna, a lokacin nan tsarin mulkin 1960 ya riga ya rubuta 'yancin addini baƙi bisa fari.

Ga abin da ya fi ba ni sha'awa cikin wannan tarihi. A daidai waɗannan shekaru, Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, babban Batijjane na ƙasar nan, jigo ne a NPC, kuma 'yan NEPU na Kano ba su ji daɗin hannunsa ba ko kaɗan. Watau wuridi ɗaya, shehi ɗaya, amma a Kano ɗariƙar fada ce, a Ƙauran Namoda ta 'yan hamayya. Wanda ya ce aƙida ce tsantsa ta haddasa rikicin 1949 da 1956, sai ya gaya mana dalilin da ya sa aƙidar ta sake launi tsakanin Kano da Gusau. Da aka sauke Sanusi cikin 1963 aka kai shi Azare, Tijjanawa da yawa sun ɗauka Sakkwato ce ta rama a kan ɗariƙarsu, ko da yake binciken kuɗin En'e ne dalilin da aka bayar. Sardauna kansa ya gane haɗarin wannan ɓaraka ga jam'iyyarsa, yana daga cikin dalilan kafa Jama'atu Nasril Islam cikin 1962 domin ta zama inuwar kowa.

Yanzu zan ɗauke ku mu ƙetare teku, domin mutum ba ya ganin ƙeyarsa sai da madubi biyu. Lokacin da nake karatu a ƙasar waje, waɗansu samari biyu masu fararen riguna sun taɓa ƙwanƙwasa mini ƙofa da littafi a hannu. Na kawo musu shayi suka ce ba su sha, haka gahawa da giya da taba. Suka ce su Kirista ne. Maƙwabcina, wanda shi ma Kirista ne mai zuwa coci, ya ce ko kusa. Waɗannan su ne 'yan Mormon. Tun kafin wani ya tashi da fushi, bari in faɗa a fili: ba aƙida da aƙida nake kwatantawa ba. Saɓanin Ƙadirawa da Tijjanawa saɓani ne a cikin gida ɗaya, ƙarƙashin Annabi ɗaya da mazhaba ɗaya, alhali 'yan Mormon sun zo da littafi na daban bayan Linjila. Abin da nake kwatantawa shi ne halin masu rinjaye da masu mulki in sun ga jama'a mai shugaba nata, mai tsari nata, tana shiga rumfar zaɓe a dunƙule.

Joseph Smith ya kafa cocinsa a Jihar Niyok cikin 1830, yana cewa an yi masa wahayi. Mabiyansa suka yi ta ƙaura suna taruwa wuri ɗaya, duk inda suka sauka kuma sai 'yan ƙasa su ga ƙuri'arsu za ta rinjayi ta kowa. A Jihar Misuri faɗan 1838 ya fara ne ranar zaɓe, a wani gari Gallatin, sa'ad da aka nemi hana su jefa ƙuri'a. Ran 27 ga Oktoba na shekarar Gwamna Lilburn Boggs ya rubuta umurni cewa a kore su daga jihar ko a ƙare da su, bayan kwana uku aka kashe 17 daga cikinsu a wuri ɗaya. Suka koma Ilinoi. A can Smith ya tsaya takarar shugaban ƙasa cikin 1844, ran 27 ga Yuni kuma 'yan tarzoma suka fasa kurkukun da aka tsare shi suka harbe shi. Brigham Young ya kwashi jama'a ya ratsa daji da su har Yuta cikin 1847. Wannan duka a ƙasar da tsarin mulkinta ya hana a tambayi addinin mutum kafin a ba shi muƙami.

Laifin da aka fi kama su da shi zai ba mutumin Amarawa dariya, watau auren mace fiye da ɗaya. Jam'iyyar Rifablikan tun a 1856 ta jera shi tare da bauta a matsayin ragowar jahilci. Kotun Ƙoli ta yanke cikin 1879 cewa mutum yana da 'yancin gaskata abin da ya so, amma ba shi da 'yancin aikata shi in ya saɓa doka. Dokar 1882 ta hana masu mata da yawa zaɓe da riƙon muƙami, a yankin Aidaho ma aka ƙaga wata rantsuwa wadda ta hana kowane ɗan cocin jefa ƙuri'a, ko gwauro ne. Da wuya ta kai wuya, cikin 1890 shugaban cocin ya sanar da barin wannan aure. Cikin 1891 suka rushe jam'iyyarsu ta kansu, suka rarrabu tsakanin Dimokurat da Rifablikan, cikin 1896 aka karɓi Yuta a matsayin jiha. A ganina matakin 1891 ya fi na 1890 aiki, ko da yake ba shi aka fi ambata ba. Muddin ƙuri'arsu tana tulu ɗaya, abin tsoro ce ga kowa. Da ta rabu biyu sai ta zama abin zawarci.

Jarrabawar ta zo ne a majalisa. Cikin 1900 Majalisar Wakilai ta hana B. H. Roberts kujerar da ya ci, domin matansa uku. Reed Smoot kuwa matarsa ɗaya, amma yana cikin manyan shugabannin cocin su 12, saboda haka limaman Furotesta suka tara takardun koke, Majalisar Dattawa ta shafe daga 1904 zuwa 1907 tana bincike, tana tambayar ko mutumin da ya yi wa coci mubaya'a zai iya yi wa ƙasa biyayya. Wannan ita ce tambayar da En'en Sakkwato take yi wa muridan Kaulaha, da wani harshe. Ran 20 ga Fabrairu 1907 aka kaɗa ƙuri'a, 42 suka ƙi a fitar da shi, 28 suka so. Ba wanda ya sake ra'ayinsa game da littafin Mormon a ranar nan. Smoot ɗan Rifablikan ne, Shugaba Theodore Roosevelt yana bayansa, jam'iyya kuwa tana bukatar jihohin yamma. Ya zauna a kujerar har 1933.

Mu dawo gida. Tijjanawan Sakkwato ba su bar ko sharaɗi ɗaya na ɗariƙarsu ba, ba su saki hannu ba, amma rikicin ya mutu. Dalili na farko, ma'aikatan da ke nan sun fi ni saninsa. Bayan juyin mulkin 1966 aka soke jam'iyyu, daga 1967 zuwa farkon shekarun 1970 aka karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa sauran. Sandar da ake dukan ɗan ƙabalu da ita ta bar hannun mai dukan. Dalili na biyu ya fi wannan ƙarfi. Cikin 1972 Shehu Abubakar Gumi ya fitar da littafinsa na sukar ɗariƙu, cikin 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Malam Isma'ila Idris, ita kuwa ba ta bambanta Baƙadire da Batijjane ba, duka ta haɗa ta kira su 'yan bidi'a. Nan da nan waɗanda suka yi shekara 30 suna jifan juna da raddi suka koma 'yan ɗariƙa, suna kare juna a filin wa'azi. Wani abin mamaki kuma, 'yan Izala ma ƙabalu suke yi, saboda haka alamar da aka zubar da jini a kanta ta daina nuna kome.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Bayan rikicin Kafanchan da zaɓen ƙananan hukumomi na 1987, inda rarrabuwar ƙuri'ar Musulmi ta ba Kirista nasara a wurare irin Kaduna, sai ga manyan malaman ɗariƙa da Shehu Gumi sun zauna wuri ɗaya cikin 1988 sun yi musafaha. Ba a janye littafi ko ɗaya ba, sulhun kuma bai yi ƙarko ba. Kwatankwacin wannan ya faru a Amurka. Cikin 2011 wani babban fasto na Dalas, Robert Jeffress, ya ce cocin Mormon ba Kiristanci ba ne, ya gargaɗi jama'a a kan Mitt Romney. Da Romney ya sami tutar Rifablikan cikin 2012 ya fuskanci Barack Obama, faston nan ya mara masa baya. Cikin Oktoba na shekarar Romney ya ziyarci Billy Graham, ba da jimawa ba ƙungiyar Graham ta cire sunan Mormon daga jerin ɓatattun ƙungiyoyi da ke shafinta na intanet. Kusan huɗu daga cikin kowane biyar na fararen Kirista masu bishara suka zaɓe shi. Sun yarda ya mulke su, ba su yarda ya yi musu limanci ba.

Kada kuma mu ɗauka wanda aka matsa ba ya matsa wa wani. Cocin Mormon ya hana baƙar fata muƙamin limanci har 1978, abin da ya sa gwamnatin Nijeriya ta hana masu wa'azinsa izinin shigowa a shekarun 1960. Mu ma nan, Fityanul Islam da Tijjanawan Kano suka kafa cikin 1963 ta fara ne da yaƙar Ahmadiyya, a daidai lokacin da 'yan'uwansu na Lardin Sakkwato suke kukan an hana su sakat. Cikin 2007 kuma, shekara 58 bayan rushe-rushen Gusau, aka harbe wani malami a birnin Sakkwato, aka ɗora zargi a kan 'yan Shi'a, hukuma ta kama mutanensu da yawa ta rushe cibiyarsu. Ba ina wanke kowa daga laifi ba ne, wannan aikin kotu ne. Ina nuni ne da cewa jikokin waɗanda aka rushe wa masallaci cikin 1949 a wannan karo suna cikin masu rinjaye, kujerar da suka tashi daga kai kuwa ba ta zauna wofi ba.

Magana ta ƙarshe ga ma'aikatanmu. Kowane ɗaya daga cikin al'amuran nan ya bi ta kan teburin wani, akawu ya kwafe shi, wani ya buga hatimi, wani ya kai wa hakimi ko hafsa. Umurnin Gwamna Boggs wasiƙa ce gajeriya zuwa ga wani janar na dakarun jiha. 'Yan Mormon sun bar Misuri, sun dawo, sun gina coci-coci, sun yi zaɓe, takardar tana nan ba wanda ya soke ta, sai ran 25 ga Yuni 1976, bayan shekara 137 da wata 8, Gwamna Christopher Bond ya sa hannu ya janye ta, ya kuma bayyana nadamar jihar a rubuce.